Kofin Mama Maryam da Auren Hafsatu

Na san labarin da kuke ji a gidajen dangi, wai a Alƙahira uwarku ta tsaya a gaban wan mijinta ta tona asirin gidansu don kawai ta aurar da 'yarta ga Ba'amurke. Ba ƙarya suka yi ba, sai dai sun tsinke labarin ta tsakiya sun ɗauki inda ya yi musu daɗi. Tunda Allah Ya ara mini kwana har jikokina sun fara tambayar dalilin da ya sa akwai gidajen da ba ma shiga ranar salla, bari in rubuta muku shi tun daga farko. Zan haɗa har da kuskuren da na tafka da hannuna, don ni ma ban fita fes ba.

A lokacin muna zaune a unguwar Hayyin Ashir, hawa na huɗu, a wani gida da matakalarsa ta cinye mini gwiwa. Babanku Malam yana fama da digirinsa na uku a fannin fiƙihu, karatun da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ni kuma ina tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka ina sayar wa ɗalibanmu na gida masu kewar girkin iyayensu. Shekara guda ke nan da juyin da aka yi a ƙasar, gari bai gama lafawa ba, kullum da inda za a ce kada a bi. Yayarku Hafsatu tana da shekara ashirin da uku, tana koyar da matan ƙasashen waje karatun Alƙur'ani a wata 'yar makaranta da ke bayan kasuwa. A cikin ɗalibanta akwai wata dattijuwa baƙar fata daga Amurka, ta doshi saba'in, ta zo da sandarta da tabaranta wai sai ta iya karanta littafin Allah da kanta kafin ta mutu. Ita ce Mama Maryam. Ɗan autanta Yusuf shi ya kawo ta, shi kuma yana zuwa gidanmu ɗaukar karatu wurin Malam. Dogon yaro ne mai sanyin magana, in ya cire takalmi a bakin ƙofa sai ya jera har da na sauran mutane. Ban san lokacin da ido ya haɗu da ido ba, ni dai na ga Hafsatu ta fara goge mayafi ranar da yake da karatu.

Da ya aiko da maganar aure, Malam ya yi murna a ɓoye, don yana ƙaunar yaron. Ni kuwa na ja tsaki, na ce duk samarin Zariya da Kano da suka cika Alƙahira ba a ga na so ba sai wanda zan riƙa lissafin awa kafin in kira 'yata a waya. Amma na duba fuskar Hafsatu na san aikin gama ya gama, kuma ban ga abin kushewa a yaron ba. Sai na ce to uwarsa ta zo mu ga juna, a yi abin nan yadda ake yi.

Ranar Juma'ar da za ta zo na tashi da niyyar in nuna mata mu 'yan gidan mutunci ne. Na ciro wani kofin gilashi mai bakin zinariya da na sayo a Madina, wanda ko Malam bai taɓa sha da shi ba. Na fito da sabbin langa, na shimfiɗa darduma a ɗakin ciki, na jera mata tuwo da miya da naman kaza da zoɓo mai sanyi. Na yi mata jagora ta zauna, na ce a ci lafiya, na fito na ja mata ƙofa. Haka na ga uwata tana yi wa surukai da manyan baƙi, a ba su wuri su ci su sha ba idon kowa a kansu. Hafsatu ta yi yunƙurin shiga ta taya ta hira, na harare ta na ce tun yaushe aka fara zama a kan babba yana cin abinci. Bayan baƙuwa ta fito muna falo, sai Hafsatu ta ɗauko kofin da sauran zoɓo za ta kai baki. Na yi wuf na ƙwace, kuma don baƙuwa ta ji irin darajar da na ba ta, sai na kakkaɓe Turancina na tsohuwar malamar firamare na faɗa da ƙarfi:

“Wannan na Mama ne ita kaɗai. Ba a haɗa shi da namu.”

Na wanke shi daban a gabanta, na goge, na ɗora can saman kabad. Ta yi murmushi kaɗan, ta ce ta gode, ni kuma na ji kaina ya yi girma.

Juma'a uku ana haka. Kullum abincin sai ya dawo kusan yadda na kai shi. Na ce yaji ne, na rage. Ya sake dawowa, na ce daddawa ce, na cire, har miyar ta zama abin tausayi. A Juma'a ta huɗu ba ta zo ba. Ta ɗauke ƙafa daga makarantar Hafsatu ma. Sai Yusuf ya samu Malam, yana ta sunkuyar da kai, ya ce mahaifiyarsa ta ce a ɗan dakata da maganar, tana ganin kamar ba a shirya karɓarsu a gidan ba. Da Malam ya kawo mini wannan saƙo, raina ya yi mummunan ɓaci. Na ce mu za a yi wa yanga? Matar da na yanka wa kaza sau uku a garin da ni kaina sai in yi wata ban ci ba? Na ce khalas, shi ke nan, su riƙe ɗansu mu riƙe 'yarmu. Hafsatu ta ci gaba da wanke-wankenta da zuwa makarantarta, sai dai ta daina rera karatu in tana shara, kuma cikin mako biyu zanenta ya fara yi mata yawa. Wannan shirun nata shi ya fi ƙarfina.

Wata Talata da hantsi na yafa gyale na tafi gidansu ban gaya wa kowa ba. Na tafi ne da faɗa a bakina, ba zan ɓoye muku ba. Ita ta buɗe mini, ta ba ni kujera, ta dafa shayi ta zauna kusa da ni har gwiwarmu tana taɓa juna. Turancinsu na can yana yi mini wuyar ji, nawa ma yana ba ta wahala, sai muka riƙa cike giɓi da Larabci da hannu. Na tambaye ta kai tsaye me muka yi mata. Tana juya cokali ta ce:

“Zan gaya miki wani abu game da uwata, in kin ji sai ki yi mini hukunci.”

Ta ce a kudancin ƙasarsu aka haife ta, lokacin ba su musulunta ba. Uwarta aikatau take yi a gidan wasu fararen fata, ita ke dafa musu abinci, ita ke rainon 'ya'yansu. Ta ƙofar baya take shiga, don baƙin mutum ba ya bi ta gaba. A kan wani katako kusa da wannan ƙofa akwai tsohuwar kwalba da aka ware mata, da ita kaɗai take shan ruwa, ana wanke ta daban, ana ajiye ta daban. In masu gida sun gama ci, sai a zuba mata nata ta zauna ita kaɗai a bayan kicin a rufe ƙofa. Mama Maryam tana yarinya takan bi ta, ta ga wannan da idonta shekara da shekaru.

“Hannunta ya isa ya taɓa abincinsu,” in ji ta, “amma bakinta bai isa ya taɓa kofinsu ba. Kuma kada ki ɗauka halin gida ɗaya ne. Doka ce a rubuce, da ɗan sanda a bayanta. Famfon shan ruwa biyu, da allo a kan kowanne. Makaranta biyu, ɗakin jira biyu, a mota mu ne a baya. Babana ya je yin rajistar zaɓe sau uku. Kowane zuwa sai a miƙo masa wani sashe na dokokin jiha a ce ya karanta ya yi bayani, ya yi, a ce ya faɗi, alhali shi ke karanta wa rabin unguwarmu wasiƙunsu. Sai da ya haura hamsin ya jefa ƙuri'arsa ta farko, ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya dawo gida ya zauna yana kuka.”

Ta ce tana gab da shekara ashirin aka rushe waɗannan dokoki, bayan mutanensu sun sha duka da ɗauri, an yi ta kai ƙara kotu, an yi ta tattaki, wasu sun rasa rayukansu. Aka cire alluna daga kan famfo, aka rubuta cewa ba mai ikon hana ka wurin ci ko wurin kwana ko akwatin zaɓe saboda launin fatarka. Ta ce ta rayu shekara kusan hamsin a ƙarƙashin sabuwar dokar, ta yi aikin jinya, ta yi ritaya, ta ɗauka ciwon ya warke.

“Sai na zo Afirka,” ta ce, “na shiga gidan 'yar'uwata, baƙa kamar ni, Musulma kamar ni. Aka kai ni ɗaki ni kaɗai aka ja ƙofa. Aka ce kofina ba a haɗa shi da na 'yan gida. Na san ba ki zage ni ba, har kaza kika yanka mini. Amma ina zaune a ɗakin nan ina jin dariyarku a falo, abincin ya ƙi wucewa. Na ce in haka za a riƙe ni, yaya za a riƙe ɗana?”

Faɗan da na ƙunso ban san inda ya bi ba. Na kama hannunta na fara yi mata bayani da guntun Turancina, ina kuka ina haɗawa da Hausa. Na ce a wurinmu yara su ake tarawa a kwano ɗaya su yi ta wawaso. Wanda ake ware wa kwano da kofi, a ba shi ɗaki a ja masa ƙofa, shi ne maigida, da malami, da suruka. Na ce ubana har ya rasu ba wanda ya taɓa sha da kofinsa, ba don ƙyama ba, don ba mu kai ba. Ta zare tabarau ta dube ni, ta ce in sake faɗa. Na sake. Sai ta fashe da dariya hawaye yana zuba, ta ce:

“Wato sarauniya kika mai da ni, ni kuma ina can ina makoki? To don Allah ki sauke ni daga sarautar nan. Ki zuba mini tare da yara.”

Juma'ar da ta biyo baya a faranti ɗaya muka ci, ni da ita da Hafsatu, a tsakiyar falo. Na mayar da yajina da daddawata. Ba ta iya yanko loma ba, miyar kuka tana bin hannunta har gwiwar hannu, tana tari saboda yaji tana cewa tamam, tamam, a ƙaro. Tun daga ranar na fara ce mata Yaya, ita kuma take ce mini 'yar'uwa. Maganar aure ta tashi daga inda ta kwanta, muka ɗauka mun haye.

Sai ga Baffanku Lawal. Ku ƙanana ba ku san shi da ƙarfinsa ba. Shi ne wan Malam, shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, shi ya sa shi a makaranta, kuma a al'adar gidansu shi ke ba da auren duk 'yar da aka haifa. Ya zo Alƙahira a farkon shekara ta dubu biyu da goma sha uku a yi masa aikin ido a wani asibiti a unguwar Mohandessin, sai Malam ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama, a kawo masa yaron ya gani. Ni shekara ashirin da biyar ina gidansu ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa wuce gaisuwa da shi ba, ita ma a durƙushe, ina kallon ƙasa.

Bayan la'asar suka zauna a falo, shi da Malam da Yusuf, Malam yana tafinta. Ni da Hafsatu da Mama Maryam muna kicin, labule ne kawai tsakaninmu. Da farko abin ya tafi daidai. Ya sa yaron ya ja masa baƙi, ya ji daɗin ƙira'arsa, ya tambayi sana'arsa ya gamsu. Sannan ya gyara zama ya zo kan abin da ba a tsallakewa a gidansu, wato binciken asali. Ya ce ya ƙirgo masa kakanninsa, da garinsu, da ƙabilarsu. Yusuf ya faɗi ubansa, ya faɗi kakansa, ya faɗi baban kakan, sai ya tsaya. Ya ce daga nan ba su da suna. Waɗanda suka gabata an kamo su ne daga wannan nahiya aka sayar, ba a san daga wane gari ba. A takardun ƙidaya na wancan zamani ba a rubuta sunan bawa, sai shekarunsa da launinsa a ƙarƙashin sunan mai shi. Ya ce sunan gidansu ma na mutumin da ya mallake su ne. Ya faɗi wannan ba kunya ba ɗaga murya, ya ƙara da cewa bayan yaƙin basasarsu an gyara tsarin mulkin ƙasa, an haramta bauta, an ce duk wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne daidai da kowa.

Na ji Baffa ya yi gyaran murya.

“Wato dai bayi ne,” ya ce. “Waccan dokar ƙasarsu ce, su ta shafa. Yaro ne na kirki, Allah Ya ba shi wata. Amma mu gidanmu ba mu taɓa haɗa jini da bayi ba, kuma ba a kaina za a fara ba.”

Malam ya yi ƙasa da murya ya ce, “Yaya, ai a addini...”

“Na san addini tun kana tsumma. Gaya masa abin da na ce.”

Malam bai fassara ba, bai kuma musa ba. Mutumin da ya cika ɗakinmu da littattafan shari'a ya zauna kansa a ƙasa kamar ɗan makarantar da aka kama. Na ji haushinsa a lokacin, amma daga baya na yi masa uzuri, don mutum ba ya iya ɗaga ido ga wanda ya ciyar da shi yana maraya. A kicin Hafsatu ta jingina da bango ta rufe baki da mayafi. Mama Maryam ba ta jin Hausa ko kalma goma, ta dube ni ta ce me ya ce. Na kasa. Sai ta dafa kafaɗata ta ce:

“Bar shi, 'yar'uwa. Ban san kalmomin ba, amma na san muryar.”

Ta fara laluben sandarta za ta tafi.

A nan ne zan gaya muku abin da ba a so ku sani. Kakata ta wajen uwa, wadda muke ce wa Iya Kyauta, a gida ana cewa Bafillatana ce daga gabas. Ba haka ba ne. Na tashi a ɗakinta, na san zanen fuskarta da ba irinsa a duk unguwarmu. Kamo ta aka yi tana 'yar ƙarama, aka bi da ita hannu zuwa hannu har ta faɗo gidan kakana, ta girma ya sa ta a ɗaka. Kyauta sunan da aka laƙaba mata ne, na yankanta ya ɓace mata. Abin da ta riƙe kawai wani kogi ne da take cewa suna wanka a ciki, da wasu 'yan kalmomi da take yi mana in tana lallashinmu, waɗanda ba wanda ya san ma'anarsu, har ita. Ita ta yi mini kitso na farko, ita ke ɓoye mini ƙanzo. Da za a kai ni gidan miji, uwata ta ja ni gefe ta ce wannan magana kada ta kuskura ta bi ni can. Na riƙe mata alkawari shekara ashirin da biyar, ko Malam ban gaya wa ba. A tsaye a kicin ɗin nan na ga cewa da Iya ce ta zo neman wa ɗanta aure a wannan falo, da haka za ta laluɓi sandarta ta fita.

Na ɗauki farantin shayi don in sami abin riƙewa, na ɗaga labule. Na ajiye, na durƙusa kamar kullum, amma wannan karon ban tashi na koma ba.

“Yaya, a gafarce ni, zan yi magana,” na ce. “In wannan ne dalili, to an riga an haɗa jinin tun ranar da kuka karɓo aurena. Kakata baiwa ce, saye aka yi. Wannan yaro ya ƙirga uku ya tsaya, ni ta wajen uwata biyu zan ƙirga in tsaya. Hafsatu da kuke tsare wa asali jininta ce. In ba a ba shi don wannan, to ita ma sai a rasa wanda za a ba.”

Ban rage ko kalma ba. Baffa ya juyo da idonsa mai bandeji, bai dube ni ba, ƙanensa ya duba.

“Ka san da wannan?”

Na ce a raina shi ke nan, na kashe auren 'yata na haɗa da nawa. Sai na ji Malam ya ce:

“Ban sani ba, Yaya. Da na sani ma, ita zan aura.” Ya ɗago kai, ya juya wajen Yusuf ya ce masa da Larabci, “Na ba ka Hafsatu.”

Ban taɓa son babanku kamar wannan la'asar ba, kuma ban taɓa gaya masa ba har ya bar duniya. Baffa ya nemi takalminsa ya koma masauki, bai sha shayin ba. Kafin idonsa ya warke labari ya riga shi isa Zariya.

Ga kuma abin da ya biyo baya, wanda ban hango ba sam. Bayan kwana tara yayata Asabe ta kira ni. Akwai 'yarta da aka riga aka sa wa rana da wani ɗan babban gida, da magana ta je kunnensu sai suka aiko a mayar musu da kayansu. Ba ta yi mini ihu ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi:

“Kin sayi auren 'yarki da na 'yata. Sirrin nan ba naki ba ne ke kaɗai.”

Ta kashe waya, kuma har yau da nake wannan rubutu ba ta sake ɗaga kirana ba. Yarinyar ta yi aure daga baya, tana zaune lafiya, amma ta sha kukan da ba ita ta jawo ba. Ban yi nadamar gaskiyar da na faɗa ba, ba na kuma jin kunyar Iya. Amma Yaya Asabe tana da gaskiyarta, na buɗe baki ban tuna da kowa ba sai tawa 'yar. Don haka ku riƙa zuwa gaishe ta ko ba ta sake muku fuska ba, kada wanda ya riƙe ta a zuciya saboda ni.

An ɗaura auren bayan sallar Juma'a a ƙaramin masallacin layinmu. Ba wanda ya zo daga gida. Ɗaliban da ke cin tuwona su suka zama dangin amarya, suka cika layi da manyan riguna har Misirawa suna leƙowa ta taga. Matan Hausawan Sudan daga unguwar Arba wa Nus suka zo suka yi wa Hafsatu lalle da turaren wuta, suka kama Mama Maryam ita ma suka zana mata har gwiwar hannu, tana ta nuna wa duk wanda ya shigo. Ango da amarya sun ƙara fiye da shekara a Alƙahira suna jiran takardun tafiya, a wani ɗan gida da nake hango tagarsa daga kicin ɗina. Na san ranar tana zuwa, sai na riƙa yi kamar ban sani ba.

Ranar ta zo da safiyar wata Asabar. Muka raka su filin jirgi, Malam da Yusuf suna gaba da akwatuna, Mama Maryam ta rungume ni ta ce 'yata 'yarta ce, kuma na san ba faɗa kawai take yi ba. Suka matsa suka bar ni da Hafsatu a bakin inda ba a wucewa sai da tikiti. Cikinta ya fara fitowa. Ina ta gyara mata mayafin da ba abin da ya same shi, ina gaya mata inda na cusa kuka da daddawa a cikin kaya. Ta riƙe hannuwana biyu ta tsayar da ni.

“Umma,” ta ce, “kin san da kin yi shiru ranar nan, da yanzu ina nan kusa da ke.”

“Na sani,” na ce. “Tun kafin in ɗaga labulen na sani. Yalla, mijinki yana jira.”

Ta tafi tana waiwaye. Na tsaya ina yi mata murmushi da dukan ƙarfina har ta shige, don kada ta hau jirgi da hoton uwarta tana kuka. Da na tabbata ba ta ganina, sai na fashe da kuka, Malam ya riƙe ni a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba, muka zauna a kan benci har aka kira azahar.